Murhun ɗumama gida mai shan mai: yadda ake girka shi da yadda ake yi masa sabis

Wanda ya sayi gida a arewa maso gabashin Amurka, a jihohi irin su Niyok, Pennsylvania, Connecticut, Massachusetts ko Maine, zai iya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya tarar da su: ƙaton akwatin ƙarfe mai bututu a ka, da tanki a gefe tsaye kan ƙafa huɗu kamar bijimi a turke. Gidaje wajen miliyan 5 ne a Amurka suke ɗumi da mai, fiye da kashi 80 cikin 100 a wannan yanki, kuma a Maine wajen rabin gidajen jihar da shi suke fita sanyi. Haka abin yake a gabashin Kanada. 'Yan'uwanmu da suka yi shekaru a benayen haya na Bronx, inda mai kula da gini ke ɗauke da wannan nauyi, ran da suka karɓi makullin gidan kansu sai su wayi gari sun gaji na'urar da ba wanda ya taɓa yi musu bayaninta.

Zan yi magana ne a kan murhun da ke hura iska mai ɗumi cikin ɗakuna. Akwai ɗan'uwansa mai dafa ruwa ya tura shi cikin bututu, kuma kusan duk abin da zan faɗa a kan bona, wato na'urar da ke fesa mai ta kunna wuta, da tanki da hayaƙi ya shafe shi.

Fara da sanin abin da ke faruwa a ciki

Man da ake kawowa ana kiransa mai lamba 2. Ɗan'uwan man gas ne na mota, sai dai an rina shi ja don a bambanta shi da wanda aka biya wa harajin hanya. Ba ya kamawa da sauƙi kamar fetur. Sai an fesa shi ya zama kamar raɓa sannan yake cin wuta. Wannan shi ne aikin bona. Famfo yana jawo mai daga tanki ya matsa shi da ƙarfin da ya kai 100 zuwa 140 a ma'aunin psi, ya tura shi ta nozul mai ɗan rami kamar bakin allura. A gaban nozul akwai sanduna biyu masu ba da tartsatsi, kamar fulogin mota, taransifoma na ba su wajen bolt 10,000 ko fiye. Fanka na hura iska, wuta ta tashi a cikin tukunyar ƙarfe, tukunyar ta yi zafi, wata babbar fanka ta bi da iskar gida ta bayan tukunyar ta kai ɗakuna. Hayaƙi kuwa hanyarsa daban, ya bi bututu ya fita ta saman rufi.

Riƙe wannan a ranka: bangon tukunyar nan shi kaɗai ne tsakanin hayaƙin da iskar da 'ya'yanka ke shaƙa.

Akwai kuma wani ɗan ido a cikin bona mai kallon wuta. Idan an fesa mai wuta ba ta kama ba cikin daƙiƙa 15, ko 45 a tsofaffin na'urori, sai akwatin sarrafawa ya kashe komai ya kulle kansa. Jan maɓallin da ke kan akwatin shi ke buɗe kullen, kuma zan dawo kansa, don a nan mutane suka fi yin ɓarna.

Kafin a sauke sabon murhu daga mota

Girka murhu aikin mai lasisi ne, kuma a mafi yawan garuruwa sai an karɓi takardar izini, a wasu wuraren daga hukumar kashe gobara. Ƙa'idar da ake bi a Amurka sunanta NFPA 31, ta Kanada kuma CSA B139. Na san halinmu: akwai wani ɗan gari da "ya iya komai", zai yi maka a rabin kuɗi ranar Lahadi. Idan gobara ta tashi ko mai ya malala, kamfanin inshora takardar izinin nan zai fara nema. Abin da ya rage gare ka shi ne ka san aikin sosai yadda za ka tsaya a kan mai yi, ka gane in ya yanke hanya.

Abu na farko, girman murhu. Kada ka yarda a duba na da kawai a kawo irinsa, domin tsofaffin murahu da yawa sun fi ƙarfin gidajensu, balle in an sake tagogi ko an ƙara abin tare sanyi a bango. A auna gidan, a lissafa zafin da yake zubarwa. Murhun da ya yi girma yana tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, yana shan mai yana tara kunkunniya. Galan ɗaya na mai yana ba da zafi wajen 138,500 a ma'aunin yawan zafi da ake kira BTU, saboda haka nozul mai fesa kashi uku cikin huɗu na galan a awa yana ba da wajen 104,000. Riƙe lambar nan, za mu yi lissafi da ita.

Wurin ajiyewa ya zama daɓe mai ƙwari, a daidaita shi da lebur, a ɗan ɗaga murhun kan bulo in ruwa na shiga ɗakin. Tazarar da za a bari tsakaninsa da katako tana rubuce a jikin farantin da ke manne da shi. A bar fili a gaba yadda mai gyara zai iya zaro bona ba tare da ya kwanta a ƙasa ba.

Tanki da layin mai

Tankin da aka fi samu na galan 275 ne, wato lita dubu da ɗan kai, ko da yake ba a cika shi fal. Ya yi nesa da bona da aƙalla ƙafa 5. In ta ƙasa mai ke fita, a ɗan karkata shi wajen mafitar, kwatan inci a kowace ƙafa, don ruwan da ke taruwa ya bi ya fita maimakon ya kwanta yana cin ƙarfe daga ciki. Tankin mai daga ciki yake ruɓewa. Za ka gan shi da fenti tas a waje alhali gindinsa ya zama kamar takarda.

Bututu biyu ke fita waje daga tanki: na zuba mai da na fitar iska. A gindin na iskar akwai usur. Yayin da direban tanka ke zuba mai, iskar da ke fita tana busa usur ɗin; da mai ya kai bakinsa sai ya yi shiru, direba ya tsaya. In babu ƙarar usur, direban kirki ba zai zuba ba, kuma gaskiyarsa. Zanzaro da gizo-gizo na son toshe bakin bututun iska, ƙanƙara ma haka, don haka ka riƙa leƙa shi.

Layin da ke kai mai daga tanki zuwa bona na jan ƙarfe ne. Abubuwa uku za ka sa wa ido. Na farko, mahaɗansa su zama irin waɗanda ake buɗa bakin bututun kamar kakaki a ɗaure da noti. Masu zoben matsewa suna shan iska, ba a yarda da su ba. Na biyu, kada a naɗa farin tef ɗin masu famfon ruwa a zaren mahaɗa, gutsattsarinsa na shiga famfo ya toshe nozul. Man shafawa na musamman ake sa wa. Na uku, in layin zai bi ƙarƙashin siminti, a zura shi cikin rigar roba. Siminti na cin jan ƙarfe a hankali, mai ya yi ta tsiyaya ƙarƙashin gida shekara da shekaru ba wanda ya sani. Wannan ta sa Massachusetts ta kafa doka cewa dole layin ya kasance da riga ko a sa masa bawul ɗin kariya.

A bakin tanki da kusa da bona ana sa bawul mai wata irin dalma ta musamman a ciki, wadda ke narkewa a zafin digiri 165 na Farenhait, wajen 74 a ma'aunin Salshiyos. In gobara ta tashi, dalma ta narke, bawul ya rufe kansa. Sai filtar mai a kan layin. Wani abu kuma da ke kama sababbin hannu: in layin guda ɗaya ne, ba mai komawa tanki, ba a ɗaura ɗan sukurun nan na cikin famfo da ake sa wa mai layi biyu. An ɗaura shi, famfo ya fasa sil ɗinsa, wato zoben da ke hana shi yoyo, ya yi ta aman mai.

In kuma tsohon tanki aka cire, ko an koma amfani da iskar gas, a tsaya a ga an cire bututun zuba mai na waje gaba ɗaya. An sha samun direba ya zo gidan da ba nasa ba, ya ga bututu a bango, ya juye ɗaruruwan galan a daɓen ɗakin ƙasa.

Hayaƙi da iska

Kafin a haɗa sabon murhu, a sa mai share bututun hayaƙi ya duba shi daga sama har ƙasa. Tsofaffin na bulo sukan zubar da rufin cikinsu ya toshe gindi, kuma sabon murhu hayaƙinsa bai kai na da zafi ba, sai ya yi gumi a cikin bututu mai faɗi ya ci bulo. Sau da yawa maganin shi ne a zura sabon bututun ƙarfe marar tsatsa a ciki.

Bututun da ke haɗa murhu da shi ya zama gajere, yana hawa aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa, sukuru uku a kowace mahaɗa, kuma in mai bango ɗaya ne ya yi nesa da katako da inci 18. A jikinsa akwai wata 'yar ƙofa mai lilo da nauyi a bayanta, ita ke daidaita jan iska. Kada ka ga tana motsi ka ɗaure ta da waya ko ka liƙe ta da tef, motsin shi ne aikinta.

Wuta na buƙatar numfashi. Ƙa'idar ita ce kubik ƙafa 50 na sarari ga kowane BTU 1,000. Murhunmu na 104,000 kenan yana son kubik ƙafa 5,200, wato in tsayin ɗakin ƙafa 7 ne, sai filin ya kai murabba'in ƙafa 740 da wani abu. A nan nake jan kunnen mutanenmu musamman. Mun saba da gida cike da baƙi, sai ka ga an yanka ɗakin ƙasa an fitar da ɗakin kwana na ƙane ko ɗan'uwan da ya zo sabo, an tura murhu cikin ɗan lungu an rufe da ƙofa. An shaƙe shi kenan. In dole sai an killace shi, a buɗa masa kafofin iska sama da ƙasa ko a jawo masa bututun iska daga waje. Injin busar da tufafi da fankar kicin mai ƙarfi ma suna iya janyo hayaƙi ya dawo baya.

Wutar lantarkinsa layinta daban, da makunni a jikin murhu, da wani mai jan faranti a saman matakala ko wajen ƙofar ɗakin. Nuna wa uwargida da manyan yara shi. Ka kuma gaya musu ba na fitila ba ne, don sau da yawa in aka ce "murhu ya mutu" wani ne ya kashe shi da kuskure.

Kunnawar farko

Bayan an fitar da iska daga famfo wuta ta kama, a bar shi ya yi minti goma zuwa sha biyar ya yi zafi, sannan a fara awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wutar bona bai sani ba. Wuta na iya yin kyau rawaya shar a ido alhali tana fitar da guba. Duk mai gyaran da ya leƙa ta ɗan rami ya ce "ta yi", bai gama aiki ba.

Za a fara da jan iska: a saman wuta yawanci 0.01 zuwa 0.02 ƙasa da sifiri a ma'aunin incin ruwa, sai in littafin murhun ya faɗi wani abu daban. Sai gwajin hayaƙi, da ɗan famfon hannu da ake ja sau 10 ta cikin farar takarda, a gwada tabon da ma'auni mai lamba 0 zuwa 9. Ana rage iska har tabo ya ɗan fara nunawa, a auna iskar kabon dayoksaid, sannan a ƙara iska har ta sauka da maki ɗaya ko biyu, tabo ya koma sifiri. Yawanci ana tsayawa wajen kashi 11 zuwa 12 cikin 100. Wannan 'yar rarar iska ita ce ke hana shi fara hayaƙi in sanyi ya tsananta mai ya yi kauri. A auna kabon monoksaid da zafin hayaƙi, a kuma gwada kariya: a rufe mai a ga ya kulle kansa a kan lokaci, a tsayar da babbar fanka a ga ya mutu kafin ya yi zafi fiye da kima. Ka karɓi takardar da na'urar awo ta buga ka rataye ta a jikin murhu.

Sabis na shekara

Sau ɗaya a shekara, kuma a Agusta ko Satumba, lokacin da masu gyara ke zaune. A Janairu sai ka yi layi.

Ga yadda aikin ke tafiya. A kashe wuta a makunni da bireka, a rufe bawul ɗin mai, a bar ƙarfe ya huce. A sa faranti a ƙarƙashin filta, a kwance kofin, a duba gindinsa: in akwai ruwa ko baƙar laka mai yawa, tanki ne ke ba da labarin kansa. A sa sabuwar filta da sabon gaskit. A buɗe famfo a canza 'yar rariyar da ke ciki, wadda masu gaggawa ke tsallakewa.

Sannan a zaro sandar nozul. Ba a wanke nozul, ba a tsokane shi da allura, sabo ake sawa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A jikinsa akwai lambobi uku, misali 0.75 da 80 da harafin B: yawan galan a awa, faɗin feshi, da siffarsa. Sai irin wanda kamfanin murhun ya rubuta, ko bonarka ƙirar kamfanin Beckett ce ko Carlin ko Riello. Da sifana biyu ake kwance shi, kuma ba a taɓa bakinsa da yatsa. A duba tangaran ɗin sandunan tartsatsi ko ya tsage, a saita tazararsu da ma'aunin kamfani, a goge idon wuta da tsumma mai laushi, a share ƙurar fankar bona.

Daga nan sai aikin datti, wanda shi ne rabin sabis. A cire bututun hayaƙi, a buɗe ƙofofin shara, a bi tukunyar da buroshi, a zuƙe kunkunniya da injin da aka yi don ita. Injin sharar gida zai watsa maka ita ko'ina. A haska tocila a nemi tsaga ko hudar tsatsa a tukunya. In an samu, ba a yi mata walda a ci gaba. Tukunya ko murhu ake sakewa. A duba gindin bututun hayaƙi, a mayar da komai, a fitar da iska daga famfo, a maimaita duk awon da aka yi ranar kunnawar farko. Sabis ɗin da aka gama cikin minti ashirin, nozul da filta kawai aka canza.

Naka aikin a matsayin maigida kaɗan ne, amma kullum ne. Filtar iska ta babbar fanka, duba ta kowane wata a lokacin sanyi, ka canza in ta yi datti. Kada a jingina kwali, fenti, galan ɗin fetur ko buhunan kayan da za a aika gida kusa da murhu. Kada mai ya sauka ƙasa da kwatan tanki, don famfo zai fara jan laka. Ka cika shi kafin bazara, tanki rabi yana gumi a ciki. Ka riƙa duba cikinsa ta ƙasa da tocila. In ka ga danshi ko ɗigo, kada ka kankare wurin, tsatsar ce ke riƙe da shi, kira kamfanin mai. Tankin da ke waje kuma mansa na daskarewa a tsananin sanyi, shi ya sa ake gauraya shi da kananzir ko a zuba magani.

Jan maɓalli

Dare ya raba, gida ya yi sanyi, ka sauka ka ga jar fitila. Duba ma'aunin tanki, duba makunnin saman matakala, duba bireka, duba batirin ma'aunin zafi na bango. In duk lafiya, danna jan maɓalli sau ɗaya. Ya tashi ya ci gaba, to, amma ka kira mai gyara da safe don akwai dalilin da ya sa ya kulle. Ya sake mutuwa, cire hannunka.

Dalili kuwa, duk dannawa ɗaya famfo na fesa mai cikin tukunya na tsawon daƙiƙun nan ba tare da ya ƙone ba. Ka danna sau shida, ka tara mai a wurin da aka yi don wuta. Ran da tartsatsi ya kama, sai ya tashi da ƙara kamar an buga gurneti, ya ɓalle bututun hayaƙi, ya fesa kunkunniya mai maiƙo ta kowace kafa zuwa labule, kafet da kayan sawa. Garin neman gira a rasa ido. In kuwa ka riga ka danna da yawa, faɗa wa mai gyara gaskiyar adadin kafin ya taɓa komai. Ba wurin jin kunya ba ne, fuskarsa ce a bakin ramin.

In mai ne ya ƙare, man gas na gidan mai galan biyar ko goma zai riƙe ka kafin tanka ta zo. Fetur kuwa ko ɗigo. Bayan an zuba, a ba shi ɗan lokaci laka ta kwanta, sannan a fitar da iska: a sa ɗan tiyo a kan noti mai hanci da ke jikin famfo, bakinsa cikin gwangwani, a sassauta, a tayar da bona, a bari kumfa ta ƙare mai ya fito ja tsantsa, a ɗaure. In ba a taɓa nuna maka da hannu ba, ka bar wa mai gyara, ka roƙe shi ya nuna maka a sabis na gaba.

Mai ya zube a ƙasa? Kashe jan makunni, rufe bawul, buɗe tagogi, zuba yashin da ake sayarwa don bayan-gidan kyanwa ya tsotse, ka hana shi isa magudanar ruwa. In da yawa ne, kira 'yan kwana-kwana da hukumar muhalli ta jiha. A Niyok doka ta ba da awa 2 a kai rahoto, in ba ɗan kaɗan ne da aka tare nan take ba.

Gubar da ba ta wari

Mu ba baƙin wannan guba ba ne. Ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareto a cikin gida, ko an rufe ɗaki da kaskon gawayi a hunturu. Kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari. Murhun mai yakan ɗan yi gargaɗi, da warin mai ko baƙin tabo a bakin kafofin iska ko rugugi lokacin tashi da mutuwa, amma ba kullum ba. Sa na'urar ƙararrawa a kowane hawa na gidan da kusa da ɗakunan kwana, ka gwada ta duk wata, ka duba ranar ƙarewarta a baya, domin tana tsufa ko da batirinta sabo ne.

In ta yi ƙara, ko mutanen gida suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, kada a tsaya neman Panadol. A fitar da kowa, har wanda ke kwana a ɗakin ƙasa, a kira 911 daga waje, kuma murhun ya zauna a kashe har mai gyara ya zo da na'urar awonsa.